Otal ɗin Federal Palace da ƙungiyar Leventis United

Tambaya: Malam, muna gardama a majalisarmu ta Agege. Da gaske ne masu otal ɗin Federal Palace su ne suka riƙe wata ƙungiyar ƙwallo a da?

Amsa: Da gaske ne, amma kamfanin da ya gina otal ɗin ne ya riƙe ta, ba otal ɗin ba. Kamfanin A.G. Leventis, na wani ɗan kasuwa daga tsibirin Saifurus, shi ya gina Federal Palace a Victoria Island, aka buɗe shi a 1960, shekarar samun 'yancin kai. Mainland Hotel da ke Ebute Metta ma nasu ne. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓi Federal Palace, sannan ya koma hannun iyalan Ibru.

Ƙungiyar kuwa Leventis United ce, mazauninta Ibadan, ba Legas ba. Ta ci kofin ƙalubale a 1984 da 1986, ta ɗauki gasar lig a 1986, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu a 1985 inda Al Ahly ta Masar ta doke ta. Matsalarta dogaro da aljihu ɗaya: albashi, sufuri da masauki duk daga kamfanin suke. Da ya janye hannu, ƙungiyar ta watse.