Birkin gaba mai sauƙin kuɗi

Tambaya: Malam, mota ƙirar Mustang gare ni. In ina gangarowa daga Ɗa'if ta hanyar Hada, birki kan yi laushi. Sai na sayi birkin kamfanin Brembo? Aljihuna ba nauyi. Daga wani makaranci a Jidda.

Amsa: Alhaji, a dakata tukuna. Laushin nan galibi man birki ne ya tafasa, domin tsohon mai yana shan danshi. A zuƙe shi kaf, a zuba man birki nau'in DOT 4, wanda sabonsa ke jure zafin digiri 230 a ma'aunin Celsius. Lita 1 ta isa. Kada a kuskura a haɗa da DOT 5. Sannan a sa takalmin birki mai jure zafi a ƙafafun gaba biyu. A auna kaurin faifan birki, mafi ƙarancinsa na rubuce a jikinsa. Faifai mai huji-huji kuwa yana iya tsagewa. A gangara, a riƙa saukar da giya.