Kafin ka sauke giyabos, ka san lokacin da injin yake ihu

Yarona, jiya bayan la'asar ka tsare ni da tambaya hannuna cikin baƙin mai, na ce ka bari sai mun natsu. Cewa ka yi: "Maigida, Carinar nan mai jigilar Tanut, duk sanda aka fita daga giya ta biyu za a shiga ta uku sai injin ya ɗau ihu, allura ta wuce dubu uku. Ba kuloci ba ne? In sauke giyabos?" To kada ka sauke. Ko noti ɗaya ban yarda ka kwance ba sai ka gaya mini a wane lokaci ihun yake zuwa.

In mai mota ya ce maka tana ihu wajen canjin giya, ya faɗa maka abin da kunnensa ya ji ne kawai. Saura naka. Ka shiga ka zauna a gefensa, shi zai tuƙa, ku ɗau hanyar Mirya inda babu cunkoso. Idonka ɗaya a kan ƙafafunsa, ɗaya a kan allurar inji, mai nuna saurin juyawarsa. Abin da kake nema guda ne: ihun yana zuwa sa'ad da kuloci ke danne a ƙasa, ko bayan an sake shi giya ta shiga? Nan hanya ta rabu biyu.

Idan kuloci na ƙasa, ƙafar direba ta bar totur, amma allura ta ƙi saukowa ko ma ta ƙara hawa, to ka wanke kuloci daga zargi. A wannan lokacin an raba inji da giya, ba ya jan komai, shi kaɗai yake juyawa. Injin fetur kuwa ba ya hawa sai da iska. Ke nan iska na shiga bayan an ce ta tsaya, aikinka ka gano ta ina.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wani direban yana riga danna kuloci kafin ya ɗaga ƙafa daga totur, musamman sabon hannu. In kai ka karɓi motar ta daina, ka gaya masa cikin mutunci. Sai ka duƙa ka duba tabarmar ƙafa. Kada ka raina ta. A 2009 Toyota ta kira miliyoyin motoci a Amurka saboda tabarma tana danne totur, mu kuwa nan har biyu ake shimfiɗawa saboda rairayi.

Daga nan ka buɗe bonet, inji a kashe. Carina E ta shekarun 1992 zuwa 1997 waya ce ke jan toturinta. Ka murɗa inda wayar ke kamawa da hannunka, ka sake. Ya kamata ka ji ya koma da ƙarfi, kas, nan take. In ya koma yana jan jiki, ka cire wayar ka gwada kowanne shi kaɗai. Na taɓa karɓar wata mota da aka canza mata kuloci sau biyu a wani gareji, mai ita har ya fara cigiyar mai saye. Da na zare wayar daga rigarta, sai ga silli uku sun tsinke sun tashi kamar bakin tsintsiya, suna kama rigar daga ciki. Abin ya tsaya mini a rai, don mutumin da motar yake ciyar da gidansa, ya biya kuɗin aikin da ba ya bukata har sau biyu. Ka kuma tabbata wayar tana da ɗan sako-sako, kada a ɗaure ta tam kamar tsirkiya.

In waya lafiya, ka cire babban tiyon iska ka leƙa maƙogwaron injin, inda ɗan faifan nan yake buɗewa yana rufewa. Ka sa yatsa ka shafo bayansa. Za ka fito da wani baƙin abu mai danƙo: tururin baƙin mai ne ya haɗu da ƙurar hunturu. Motar da ke bin hanyar Tanut da Agadas, ga matatar iska da ake kakkaɓewa a mayar shekara da shekaru, dole ta tara shi. Shi ke hana faifan rufewa har ƙarshe. A ƙarƙashin maƙogwaron akwai ƙaramin bawul mai kula da silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ralanti kamar yadda muke faɗa a nan. Shi ma in ya cushe sai ya maƙale a buɗe. Ka wanke su da maganin wankin kafireta da tsumma mai tsabta, ban da kankara da sukudireba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, don laifinmu ne mu makanikai. Mota na shigowa daga Turai, abin da ake fara yi shi ne a cire mata tamostat, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin Toyota irin wannan yana buɗewa ne wajen digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya riƙe shi a nan. In babu shi, da safiyar hunturu ko a doguwar hanya ruwa ba ya yin zafi yadda ya kamata, kwamfuta ta ɗauka inji bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ɗaga silo tana ƙara mai. Haka nan ƙananan tiyo biyu na ruwa da ke ratsa gindin maƙogwaro: da sun fara yoyo sai wani ya toshe su da noti ya ce an huta. A motocin Japan da yawa na wancan zamani, zafin ruwan nan ne ke sa bawul ɗin silo ya rage iska. Ka toshe shi, ka bar injin cikin sanyin asuba har abada. Inji mai ɗumi, ba a kunna iyakwandishan ba, silonsa tsakanin 700 da 900 yake zama. In ka ga yana zaune a 1,500, tun motar na tsaye ka sami bakin zaren.

Saura iskar sata. Zafin bazararmu da ke wuce digiri 40 yana gasa roba har ta tsage. Ka ta da inji, ka kasa kunne ko za ka ji tsaki siriri, ka bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya kana matsewa da filaya a hankali. Wanda ka matse silo ya sauko, a layinsa ɓarnar take. Kada ka manta da mai kaurin nan da ke zuwa tulun birki.

Sababbin motoci da ba su da waya, waɗanda kwamfuta ke buɗe musu totur, hukuncinsu dabam. Da yawansu da gangan suke riƙe allura kamar daƙiƙa ɗaya bayan an ɗaga ƙafa, don rage gurɓataccen hayaƙi. Wannan ba ciwo ba ne, kada ka karɓi kuɗin mutum a kansa. In ya wuce haka, ka jona na'urar bincike: P0507 na nufin silo ya fi yadda kwamfuta ke so, P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. Ka duba ɗan makunnin da ke saman fedar kuloci, in motar na da shi, don shi ke sanar da kwamfuta an taka.

To idan kuma ihun sai an saki kuloci an taka totur yake zuwa, allura na hawa mota ba ta ƙara gudu, nan ne zarginka ya yi daidai: kuloci na sulɓi. Za ka ji ƙauri, kuma feda ba ta kamawa sai can sama. Ka ja birkin hannu a fili, babu kowa a gaba, ka sa giya ta huɗu, ka ɗan ba da wuta ka saki kuloci sannu. Lafiyayye zai kashe injin. In injin ya ci gaba da juyawa ƙafarka a sake, faifan kuloci ya ƙare. Sau ɗaya ake wannan gwaji, don yana cin faifan. Ko a nan ma ka duba ko feda na da ɗan wasa a sama kafin ka sauke komai. In ka sauke ka tarar faifan ya jiƙe da mai, ka canza robar bayan inji, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Mota mai canza giya da kanta, in ta yi wannan ihun tsakanin giya da giya, man giya za ka fara dubawa, mota a wuri mai daidai, inji da ɗumi yana aiki. Ja ne mai haske in yana da lafiya. In ya yi ƙasa ka nemo inda yake zuba, in ya koma baƙi yana ƙauri ka kira ni kafin ka taɓa.

Gobe in Allah ya kai mu, mai Carinar zai zo bayan ya sauke fasinjan safe. Kai za ka fita da shi. Da kun dawo ka duba wayar totur, ka taɓa tiyon sama na lagireto ka ji ko yana ɗaukar zafi tun inji bai ɗumama ba, sannan ka zo ka faɗa mini abin da ka gani kafin mu buɗe akwatin sifana.