Tambayi likita: Fenobabiton da danginsa

Likita, ɗana mai shekara bakwai yana shan fenobabiton saboda farfaɗiya. Wata takwas ke nan bai faɗi ba. In daina ba shi?

A'a Malama, kada ki daina da kanki. Wata takwas ɗin nan aikin maganin ne. Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari nata mai suna GABA da ke yi wa jijiyoyi birki, fenobabiton kuwa ƙara wa birkin ƙarfi yake yi. Bayan watanni ƙwaƙwalwa ta saba da shi. Aka yanke shi kwatsam, farfaɗiyar na iya dawowa a jere ba hutawa, wannan kuma yana kisa. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne maganin yana daɗewa a jini, ya kan yi kwanaki kafin rabinsa ya fita. Sai yaro ya yi kwana biyu garau, uwa ta ce ai ya warke, a na huɗu ko na biyar ya yanke jiki. Rage shi aikin likitansa ne, a hankali. Idan kuma kin ga ya cika rigima ko barci a aji, gaya wa likitan, domin maganin kan jawo haka ga yara.

Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. Daga ina dangin fenobabiton, wato babituret, suka fito?

Daga Jamus. A 1864 Adolf von Baeyer ya samar da asid ɗin babiturik yayin bincikensa a kan asid ɗin yurik, wani sinadari na cikin fitsari. Abin dariya, shi asid ɗin, uban gidan, ba ya sa ko gyangyaɗi. Sai an rataya rassa biyu a kan kabon na biyar na zoben da ke tsarinsa sannan ya iya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. Emil Fischer da Joseph von Mering suka yi haka a 1903, aka sayar da maganin da suka samu da sunan Veronal. A 1912 kamfanin Bayer ya fito da fenobabiton a matsayin Luminal, maganin barci, har likita Alfred Hauptmann ya lura masu farfaɗiyar da ya ba wa sun rage faɗuwa.

Ina shan fenobabiton, kuma ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Da matsala?

Akwai, 'yar'uwa. Yana zaburar da hanta ta narkar da ƙwayar da wuri, ciki na iya shiga. Je a sauya miki hanya. Barasa da magungunan barci kuma ki nisance su, haɗa su da shi na danne numfashi.