Amsa: Hayaƙin sansanin soja da ciwon ɓarin kai

'Yar'uwa, kin ce yayanki ya yi aikin soja da rundunar Amurka a Iraƙi, tun da ya dawo ciwon ɓarin kai ya hana shi sakat, kina tambaya ko hayaƙin can ne sila. Allah Ya ba shi lafiya. Zarginki yana da tushe.

A sansanoni irin su Balad da ke Iraƙi, rami ake haƙawa a zuba robobi, batura da sharar asibiti, a watsa man jirgin sama a cinna wuta. Sojoji na kwana suna shaƙa. Kafin su ma, waɗanda suka yi yaƙin Gulf na 1991 sun shaƙi hayaƙin rijiyoyin man Kuwait sama da 600 da aka cinna wa wuta, wasu kuma iskar gubar sarin ta same su lokacin da aka tarwatsa rumbun makamai na Khamisiyah a Iraƙi. Ciwon kai na cikin abin da suka fi kuka da shi har yau.

Amma kada ya tsaya kan hayaƙi kaɗai. Girgizar bam tana taɓa ƙwaƙwalwa ko da babu rauni a fili, kuma ita ma babbar sila ce. Ya faɗa wa likita duka biyun.

Dokar PACT ta 2022, wadda Amurka ta yi don tsofaffin sojojin da suka shaƙi guba, ta ba shi damar a tantance ko ya haɗu da guba a asibitin tsofaffin sojoji, ya je ya nema. Kuma don Allah ya daina shan maganin ciwon kai kullum, yawansa na ƙara dawo da ciwon. Ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da ko haske ko wari ne ya tayar da shi, ya kai wa likita.