Tambaya da Amsa: Me Zai Hana a Ƙayyade Farashin Hatsi?

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Daura, kuma ban da 'ya'yana akwai marayun ɗan'uwana a hannuna. Kowace shekara da kaka tiyar gero takan yi araha, amma kafin damina ta yi nisa sai kuɗinta ya yi tashin da ba ma iya kamo shi, alhali geron nan dai shi ne, ba abin da aka ƙara masa. Me zai hana gwamnati ko masarauta ta yanke farashi ɗaya, ta ce kada kowa ya wuce shi, domin talaka ya samu na sakawa a baki? Daga wata mai karatu a Daura.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon marayu, ya kuma buɗa miki. Gaskiya ne geron bai canza ba, amma yawansa ya canza. Da kaka kowane manomi yana ɗauke da buhu zuwa kasuwa domin ya biya bashin taki ko ya aurar da 'ya, masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Zuwa watan Yuli da Agusta kuwa rumbuna sun kusa ƙarewa, sabon amfani bai nuna ba, har manomin da ya sayar a baya ya dawo yana neman awo.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa buhu 100 na gero ne ya shigo kasuwar Mai'adua a ranar cinta, amma masu saye suna neman buhu 150. Ko da wace irin doka aka kafa, buhu 50 ba zai samu ba, saboda haka dole a sami waɗanda za su koma gida da ƙasa da abin da suka zo nema, kuma abin da ya rage shi ne a san ta yadda za a tantance su. A kasuwa tayi ne yake yin wannan aiki. Mai kaya yana cewa albarka, masu saye suna ƙara tayi, kuma duk lokacin da kuɗin ya ɗaga sai wani ya janye da kansa ba tare da an kore shi ba. Mai kiwo da ya zo saya wa dabbobinsa ya koma ga dusa, mai fura ta rage yawan abin da za ta daka, magidancin da yake da zaɓi ya auni dawa ko masara, ɗan sarin da ya zo daga nesa ya lissafa kuɗin mota ya ga ba riba ya haƙura. A haka ake tafiya har abin da ake nema ya sauko ya yi daidai da buhu 100 ɗin da ke ƙasa, a nan ne farashi yake tsayawa a sallama.

Tsadar tana yin wani aiki na biyu wanda ba kasafai ake lura da shi ba, wato kiran kaya. Da zarar dillali ya buga waya ya ce hatsi ya tashi a Daura, mai mota a Funtua ko Dandume zai yi lodi ya nufo arewa, wanda ya adana kuma zai buɗe sito, kuma shigowar kayan nan ita ce take karya farashin. In aka danne kuɗin da doka, motar ba za ta taso ba, ko kuma ta bi ta Kongolam ta tsallaka Nijar inda za a biya fiye da haka.

Mun ga wannan da idonmu a kan man fetur. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi, gwamnati ce take yanke kuɗin lita. A takarda man yana da araha, amma sau da yawa a Katsina sai mutum ya kwana a layin gidan mai, ko ya saya a galan wurin 'yan bumburutu da kuɗin da ya fi na hukuma nesa ba kusa ba, wani man kuma ya sulale ya ƙetare iyaka. Rabon da farashi ya daina yi sai layi da sanayya da ƙarfin ƙirji suka karɓe shi, kuma mace mai marayu ba ta da lokacin kwana a layi, ba ta kuma san manajan gidan mai ba. Abin da nake tsoro ke nan idan aka yi wa gero irin wannan doka: zai ɓace daga rumfa, ya koma ana sayar da shi a bayan fage ga wanda aka sani.

Ya zo a hadisin Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yanke ba, ya ce Allah ne mai yanke farashi. Amma kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ba mai ɓoye kaya sai mai saɓo, kuma malamai da dama sun yarda hukuma ta sa baki idan 'yan kasuwa suka haɗa kai suka ƙuntata wa jama'a.

Duk da haka, Malama, ba zan ce miki rabon da farashi yake yi adalci ne ba. Kasuwa tana auna abin da ke aljihun mutum ne, ba ta auna yunwar da ke cikinsa, shi ya sa attajiri zai iya sayen gero domin dokinsa a ranar da wata uwa ta kasa auna tiya guda. Wannan abin takaici ne ƙwarai, kuma ina ganin maganinsa yana wurare uku da suka fi ƙayyade farashi amfani. A ƙara yawan hatsin, wanda ba zai yiwu ba sai manoman Batsari, Safana, Faskari da Jibiya sun samu tsaron da za su koma gonakinsu na nesa. Gwamnati ta sayi hatsi da kaka ta adana, ta fito da shi kasuwa a tsakiyar damina, domin buhun da aka zuba a kasuwa yana sauke farashi ba tare da an kama kowa ba. Sannan a sa kuɗi ko hatsi kai tsaye a hannun mabuƙata ta hanyar zakka da tallafi, domin su ma su iya yin tayi.

Game da masu adana kuwa, a bambance. Wanda ya saya da kaka lokacin yalwa, ya biya sito da magani, ya ɗauki kasadar ƙwari da faɗuwar kasuwa, sannan ya fito da kayan a lokacin ƙarancinsu, ya taimaka, don da an cinye komai da kaka da damina ta fi haka tsanani. Wanda ya kwashe kasuwa a lokacin da mutane suke cikin yunwa ya kulle domin kuɗin ya ƙara hawa, shi ne ya kamata sarkin kasuwa da hukuma su sa wa ido. Ke kuma, idan hali ya yi, ki haɗa kai da 'yan'uwanki malamai ku yi adashin da ɗaukarsa za ta faɗo a watan Nuwamba ko Disamba, ku sayi buhu ku raba tun hatsi yana ƙasa.