Amsa: Gidan tarihin zane da ƙira na Landan, ya cancanci ziyara?

Malam, ka ce za ka je Landan, kana tambaya ko Design Museum ya cancanci ka ba shi lokacinka ko ka wuce gidan tarihin Victoria and Albert, wato V&A kawai. Ni dai shawarata ka shiga, amma kada ka ware masa yini guda.

Terence Conran ne ya kafa shi a 1989 a bakin kogin Thames, sai a 2016 aka mayar da shi Kensington, cikin tsohon ginin Commonwealth Institute. Rufin ginin nan mai lanƙwasa ma abin kallo ne, ka ɗaga kai da zarar ka shiga.

Baje kolin dindindin na bene na sama kyauta ne, kuma nan ne daɗin yake. Ba kayan sarakuna za ka gani ba, kayan yau da kullum ne: kujeru, keken rubutu, babur ɗin Vespa, rediyo, tsofaffin kwamfutoci. Ka tsaya sosai a kan allunan hanya da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara wa titunan Birtaniya. An zaɓi siffar haruffan ne don direba ya karanta su yana cikin gudu, kuma har yau da su ake aiki.

Baje kolin wucin gadi kuwa sai da tikiti, gara ka saya ta intanet tun kafin ka isa.

Idan tsoffin ƙarnuka kake so, wato saƙa, tukwane da kayan ado, to V&A ya fi shi nesa ba kusa ba, shi ma shiga kyauta ne.