Baba ya ajiye maganin hawan jini, da sauran tambayoyinku kan lafiyar tsofaffi

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta haura shekara 70, ba ta son shan ruwa, wai ba ta jin ƙishirwa. Da matsala?

Amsa: Da matsala, 'yar'uwa. Jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa ko da jiki na buƙatar ruwan. Ki riƙa miƙa mata kaɗan-kaɗan, kada ki jira sai ta nema. In fitsarinta ya yi ja, ko ta fara jiri, a kai ta asibiti.

Tambaya: Haƙoran kakana sun zube, ya koma abinci mai ruwa-ruwa, sai ramewa yake.

Amsa: A haɗa masa da abinci mai gina jiki wanda ba ya son tauna: ƙwai, madara, kifi, wake da ya dahu luguf. Amma ramar da ta ƙi tsayawa a tsoho, sai an kai shi an bincika.

Tambaya: Likita, Baba na da hawan jini. Watannin baya ya ajiye magani, ya ce ya warke, ya koma shan wani jiƙo da aka ce yana wanke jini. Shekaranjiya da safe bakinsa ya karkace, kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama, magana ta sarƙe. Kafin rabin awa ya dawo garau. 'Yan'uwa sun ce iska ce ta buge shi, ta wuce. Mu bar shi ya huta?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗauki Baba ka kai shi asibiti yau ɗin nan. Abin da ka bayyana alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, sannan ya kauce, shi ya sa ya dawo daidai. Haɗarin ya sake dawowa da ƙarfi ya fi yawa a kwana biyun farko da makon da ya biyo baya, kuma cikin wannan lokacin kuke yanzu.

Maganar iska ita ce ke ɓata mini rai. Ana zaune ana shafa mai, ana turare, lokaci na tafiya. Allurar da ke narkar da gudan jinin tana da iyaka: cikin awa 4 da rabi daga fara alamun. Ku yi masa addu'a, amma ku yi ta kuna kan hanyar asibiti.

Idan ya sake faruwa, ku duba agogo ku riƙe lokacin, don shi likita zai fara tambaya. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, haɗiya kan gagara ya shaƙe, abin ya gangara huhu. Kada kuma a ba shi asfirin. Wani lokaci jijiyar fashewa take yi, asfirin ya ƙara zubar jinin, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambancewa.

Sai batun warkewa. Hawan jini yawanci ba ya ciwo. Mutum na iya yawo da awon da ya zarce 140/90 nesa ba kusa ba, yana cin abincinsa yana hira. Sauƙin da Baba ya ji aikin maganin ne. Da ya ajiye, jinin ya koma sama a ɓoye. Jiƙon nan kuwa, wa ya auna abin da ke cikinsa? Jini ba ya buƙatar wanki, ƙoda da hanta ke wannan aikin, kuma su ne irin wannan jiƙo ya fi illatawa. Ka tafi da ragowarsa da tsohon kwalin maganin ka nuna wa likita. In maganin ne ke sa shi jiri ko yawan fitsari, ya faɗa a canza masa wani. A rage gishiri kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana. Ina sake faɗa, yau za ku je.

Tambaya: Ni tsohuwa ce, gwiwoyina na ciwo, kullum sai na sha dikilofenak, wani lokaci in haɗa da ibufurofen.

Amsa: Haba Mama, biyu a haɗe! Aikinsu iri ɗaya ne, haɗa su ƙarin illa ne kawai. Suna jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda, su tayar da hawan jini. Ki dakata da su, ki je a auna miki jini da ƙoda, a zaɓa miki wanda ya dace. In kin ga bayan gidanki ya yi baƙi ƙirin, wannan jini ne, kada ki kwana a gida.